Kuɗin Haya a Bakin Azara

A watan Oktoba na shekarar 2011, wato shekarar da aka cire Gazawa daga ƙarƙashin Agiye aka mayar da ita gunduma mai zaman kanta, takarda ta iske ni a Gidan Runji cewa an canja mini wurin aiki zuwa wata lakol a Agiye, sai na ɗaure katifa da littattafai, na sa uwargida gaba, muka ratsa Tibiri da Maradi da Cadawa a kan gwadaben nan da ya miƙe zuwa Damagaram, muka sauka bayan la'asar da niyyar neman gidan haya. To, duk wanda ya san sha'anin karantarwa a Nijar ya san cewa a Oktoba ake buɗe makarantu, lokacin da damina ta naɗe tabarmarta, gero ya shiga rumbu, sama ta yi fes. Saboda haka mushe, wato malamin makaranta, ba ya kama haya sai a lokacin da kowane rufi yake mutumin kirki.

Mai gidan da aka kai ni wurinsa wani Alhaji ne, falken aya, mai yawan tasbihi da sanyin murya. Ya nuna mini soro mai ɗaki biyu, ya buga bango da tafin hannu kamar mai tallar ingarma, ya ce, "Mushe, wannan soro ginin mahaifina ne, kuma a zamanin Diori Hamani ɗigo ɗaya bai taɓa sauka cikinsa ba." Muka shirya a kan jikka 7 kowane wata, wato sefa 7,000, aka shafa fatiha. Ni da nake karantar da tarihi, wallahi bai faɗo mini a rai ba cewa an kifar da gwamnatin Diori tun 1974, kuma shekarunsa na ƙarshe shekarun fari ne, waɗanda ko kwando aka kifa wa mutum ba zai jiƙe ba. Alhaji dai bai yi ƙarya ba, ni ne ban yi nazarin isnadin maganarsa ba.

Muka yi sanyi lafiya, muka yi bazara lafiya, ban da garin ƙasa da gara take zubo mana cikin fura. Ran da ruwan farko ya sauka a watan Yuni, cikin sulusin dare na ƙarshe, na ji wani abu ya ɗiga mini a tsakar ka, na share na ce ƙadangare ne. Kafin in gama ta'awizi sai ga na biyu a kunne, na uku a kan takardun jarrabawar yara, har al'amari ya kai uwargida ta kwance kayan aurenta kaf, tasa da langa da ƙwarya da tukunyar miya, ta jera su a tsakar ɗaki, kowace tana ba da nata amon gwargwadon zurfinta, mu kuwa muna tsugune a ƙofa ƙarƙashin lema ɗaya kamar masu jiran mota. Da gari ya waye na hau bisa, na tarar indararo ya toshe da ciyawa, yaɓe ya dare kamar faso, har wani ɗan gawo ya tsiro a kusurwa. Mutanen Agiye sun shahara da renon itatuwan da suka tsiro da kansu a gonaki, amma ban zaci hikimar ta hau har kan soraye ba.

Na tafi wurin Alhaji. Ya yi salati, ya jajanta, ya ce gobe magini zai zo. Goben nan sai da ta yi wata uku tana tafe. Yau magini ya tafi suna Gazawa, jibi yana noman firi, gata aya ba ta yi kuɗi ba, citta Alhajin da kansa ya ƙetara Jibiya. Tun farkon wannan jira ne Shaiɗan ya raɗa mini wata fatawa, na kuwa karɓe ta hannu biyu: na aika masa cewa daga yau babu yaɓe, babu haya. Don kada a ce zalunci na nufa, kowane ƙarshen wata sai in ƙirga jikka 7, in naɗe a leda, in sa a gwangwanin madara, in cusa a bakin azara ta ƙuryar ɗaki, inda hannun ɓarawo ba ya kaiwa, nawa ma sai na taka turmi.

Da bashi ya cika jikka 21, Alhaji ya kai ƙarata wurin wani dattijon malami da mu duka biyu muke sallah bayansa. Na tafi ina taƙama, na shirya hujjoji har bakwai, na kuma riƙo littafin tarihina da ya kumbura ya zama kamar burodi, don ya zama shaida. Malam ya saurare mu bai katse kowa ba, sa'an nan ya sa almajiri ya ɗauko Muhtasar na Shaihu Halil, ya buɗe faslin hayar gidaje, ya gyara tabarau, ya warware mana hukunci a mazhabar Imamu Malik: ba a tilasta wa mai gida gyara, idan aibin mai cutarwa ne, kamar yoyon rufi, ɗan haya yana da zaɓi ya warware haya ya fita, idan kuwa ya zauna, kuɗin haya ya wajaba a kansa cif.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ko da ruwan ya kai mutum wanka?"

Ya ce, "Ko da ya kai shi iyo, Mushe. Yoyo ne ma misalin da aka kawo. Ka zauna ko ba ka zauna ba?"

Na ce na tsuguna dai. Ya ce tsuguno ma zama ne a wurin fuƙaha'u. Sai dai ya ƙara da cewa da wani ɗaki ya rushe, da an rage haya gwargwadonsa. Na fito ina mamakin yadda wani bawan Allah a Masar, inda ruwan sama baƙo ne, ya zauna tun ƙarni na 14 ya rubuta shari'ata ya kuma kayar da ni. Tun daga ranar kuma na riƙa duban ƙuryar ɗakin nan da wani irin fata da bai kamaci mumini ba.

Ɗaki ya ƙi faɗuwa, ni kuma na ƙi biya. Daga bisani na yanke shawarar amfani da zaɓin da Shaihu Halil ya ba ni, amma da ɗan ƙarin da ba ya cikin matani, wato in fita da dare, in tafi da gwangwanina. Na sami ɗaki a wata unguwa, na yi ciniki da wani yaro mai amalanken shanu a tasha, na ja kunnensa da ya rufa asiri. Bayan isha'i hadari ya haɗu daga gabas, muka yi ta jidar kaya cikin duhu, walƙiya ce fitilarmu. Mun yi nisa ruwa ya kece, sai uwargida ta ce, "Malam, ka ɗauko gwangwanin ko?" Na ce, "Ashe ba ke kika ɗauko ba?" Ta ce turmin da ake takawa shi muka fara ɗorawa a amalanke. Yaron nan da bai ce uffan ba tun da muka taso, sai ya waiwayo cikin ladabi ya ce, "Kada ka damu, Mushe, in na mayar da shanu gida zan gaya wa Baba ya adana maka." A ranar na san cewa amalanken na Alhaji ne, shanun nasa ne, yaron kuma autansa.

Da asuba na ruga, na tarar addu'ata ta karɓu a makare: ƙuryar ɗaki ta zauna ƙasa, azara ta yi sujada, ga Alhaji tsaye a kan tudun ƙasa da gwangwani a hannu, maƙwabta sun kewaye shi yana ƙirga. Da ya hange ni ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku shaida, ban taɓa ganin ɗan haya mai amana irin Mushe ba, jikka 21 cif, ko dala ba ta yi ciwon kai ba!" Aka yi ta sa mini albarka, ina amsawa da amin, don babu abin da ya rage mini sai ita. Na ɗan taɓo maganar ragin da Malam ya ambata, Alhaji ya tuna mini cewa ɗakin bai rushe ba sai bayan na fita.

Kuɗin amalanke ma sai da na biya, jikka 2, a hannun Alhaji. Da kaka ya sayar da aya, ya tayar da ɗakin, ya buga masa kwano, ya sa wani ma'aikacin asibiti a ciki a kan jikka 15.