Bazarar Turawa

Kalma ɗaya ce ta cuce ni. Abokina da ya shekara goma a Landan ya kira ni ya ce, "Mutumina, bazara ta shigo, gobe sai lambun Kew, furanni sun buɗe." Ni kuwa Bakano, bazarar da na sani ita ce wadda kwalta ke narkewa, mutum ya kwana a tsakar gida yana fifita. Watan Afrilu ne, washegari kuma ga rana ta fito tun safe. Sai na zaro shaddata fara sol, na kafa hula, na bar rigar sanyi a rataye. Niyyata in ɗauki hoton da za a yi ta zagayawa da shi a dangi.

Lambun ba ƙarami ba ne, ya haura eka 300, kuma tun 1759 ake renonsa. Muna shiga na ga itatuwan ceri sun yi lulluɓi da furanni fari da ruwan hoda, iska na kakkaɓo su kamar ana yi wa amarya liƙi. Na gyara tsayuwa, na haɗa fuska irin ta masu kuɗi. Abokina na cewa "ɗaya, biyu", sai atishawa ta ƙwace mini. Ta biyu ta tunkuɗe hular. Ashe garin furannin nan da hancina ba sa ga maciji. Hoto goma sha biyu ya ɗauka, babu ɗaya da bakina yake rufe.

Ina bin hula sai rana ta ɓace, yayyafi ya sauko da wata iska mai ratsa ƙashi. Shadda ta manne mini a jiki, haƙora suka fara kaɗa kalangu. Abokina, cikin ƙatuwar rigarsa, ya nuna wani gini na ƙarfe da gilashi, Palm House, wanda aka kammala a 1848 don tsirran ƙasashe masu zafi. Ban jira ƙarin bayani ba.

Ina tura ƙofa, ɗumi ya rungume ni, tururi ya rufe tabarauna ruf. Ina lalube na yi karo da wani mai kauri a tsaye. Na rusuna na ce, "Yi haƙuri, Baba." Da na goge tabarau, sai ga wata tsohuwar shuka a ƙatuwar tukunya, an tokare ta da ƙarafa. An kawo ta daga Afirka ta Kudu a 1775, wato ta riga jihadin Shehu da shekara 29. Na ce to, gaisuwar ba ta faɗi ƙasa ba.

Can ciki na tarar da ayaba da kwakwar manja, Turawa sun kewaye su suna ɗaukar hoto. Na biya fam na gaske don in ga abin da ake tallarsa a 'Yan Lemo. Duk da haka a nan na yi awa biyu, don nan ne kaɗai bazarar ta yi kama da bazara, kuma a nan aka samu hoto ɗaya mai kyau.

Da dare na tura wa Hajiya hoton. Ba a jima ba sai ga saƙon murya: "Kai, ka ce mana kana Ingila. Wannan gonar ayabar ta wane ne? Kuma wa ya jiƙa maka shadda?"