Tumbina da Firizar Bradford

A Kano idan tumbi ya fito maka, gaisuwa ake ƙara maka: "Alhaji, an samu wuri ke nan!" A Bradford ta Ingila kuwa fayil ake buɗe maka a asibiti. Malamar da ta auna ni ta zagaya kuguna da tef irin na tela, ta ce ƙa'ida ita ce kada kugun mutum ya kai rabin tsayinsa. Nawa ya kai rabin, ya gaishe shi, ya wuce. Ta ƙara da cewa a lissafin nauyi da tsayi da suke kira BMI, Bature sai ya kai 25 ake cewa nauyinsa ya yi yawa, mu baƙar fata kuwa tun daga 23. Wato har a teɓa ma an rage mana kaso.

Wani Bazazzagi da muke haya tare shi ya ba ni shawara. Ya ce, "Malam, daina wahalar da kanka, je ka sashen firiza a kanti, an riga an yi maka lissafin." Gaskiyarsa kuwa. Kowane kwali da hoton abinci mai jan rai, a ciki roba mai gram 400, kalori wajen 400, alhali namiji baligi yana buƙatar kimanin 2,500 a rana. A gaban kwalin ga danja: ja, ruwan ɗorawa da kore, suna nuna yawan mai, sukari da gishiri. Sai dai Musulmi ba ya tsayawa a danja, dole ya juya baya ya karanta ƙananan rubutu, domin wata miyar da giya aka haɗa ta. Kuma ban manta ba, a 2013 an gano naman doki a cikin daskararren abincin da aka rubuta wa naman shanu. Mu da doki sai hawan Sallah. Na tsaya a kan kifi da kayan lambu.

Girkin ba wuya. Ka huda ledar da cokali mai yatsu, ka tura cikin na'urar ɗumama abinci, ta yi ƙara, ka fito da shi gefe yana ƙona harshe, tsakiya da sauran ƙanƙara. Kafin bismillah ta gama sauka, cokali ya fara kankarar roba. Cikina da ya tashi a kan malmalar tuwo ya ɗauka ɗanɗane aka ba shi, yana jiran a kawo abinci. Sai na ɗumama ta biyu don in rarrashe shi, ta uku kuma don kada ta biyu ta zauna ita kaɗai, na rufe da shayi da burodi. Gishirin da aka yarje wa mutum a yini gram 6 ne, kowace roba kuwa tana ɗauke da kusan biyu. Dare ya zama zirga-zirga tsakanin famfo da banɗaki.

Ranar da Hajiya mahaifiyata ta ga robar a kiran bidiyo, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan na marasa lafiya ne ko na mage?" Ta ce abincin da ba a ga hayaƙinsa ba ba ya kama jiki. Na so in ce mata abin da nake nema ke nan, amma ba a jayayya da uwa. Mai zuwa na gaba sai ga shi da ƙullin kuka, daddawa da yaji.

Uwargida ce ta karɓi aikin koya mini girki ta waya. Na ɗora tukunya, ta ce in zuba manja. Na ce nawa? Ta ce, "Haba Malam, ka zuba dai, idonka zai gaya maka." Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, idona kuwa ludayi biyu ya gaya mini. Ta ce in bar shi ya yi zafi sosai, sannan ta shiga ba ni labarin rigimar lefen ƙanwarta. Muna daidai akwati na biyar sai wata 'yar aba da ke manne a silin ta tsala ihu. Ashe a haɗe take da ta kowane ɗaki a benen. Haka mutanen hawa huɗu suka zubo waje cikin sanyin Disamba, wasu da rigar barci, wata da karenta a hammata, ni kuma da jallabiya da silifas, riƙe da muciya, ba mai buƙatar a nuna masa mai laifi. Jami'in kashe gobara ya shiga kicin ya ga ba wuta, amma ya daɗe yana shinshina ƙullin daddawa kafin ya tambaye ni, cikin ladabi, ko wani abu ne ya mutu a kabad.

Da girkin ya fara yin daɗi sai babbar matsala ta bayyana: tukunya ba ta cewa ya isa. Robar kanti, duk rashin daɗinta, tana da hali ɗaya na kirki, wato tana ƙarewa. Don haka na wanke tulin robobin da na tara. Ranar Lahadi in tuƙa tuwon shinkafa, in kaɗa miyar kuka da mai cokali biyu a aune, in rarraba, in jera a firiza. Ba a jima ba sikeli ya fara sassautowa, bel ya koma ramin da ya daɗe bai ziyarta ba.

Bazazzagin nan ne ya ɗauki hoton firizar ya saka a zauren WhatsApp na Hausawan yankin. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga sallama, har da wanda ya hawo jirgin ƙasa daga Leeds. Baƙo ba a karanta masa kalori. Suka yi ta mitar cewa robobin sun yi ƙanƙanta, suna kai wa na'urar uku-uku. Kafin la'asar abincin mako ya tafi, ba abin da ya rage sai wani kwalin kifi na kanti da ya manne a ƙasan firiza, wanda kowa ya ɗaga ya mayar.

Bazazzagi ya jingina da kujera yana sakace, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wallahi Malam ka rame, ka riƙa cin abinci. Sannan ranar Lahadi a ƙara mai a miyar nan."