Kowa a Sahun Gaba Yake

A ƙa'ida, shaidun babban lamari raguwa suke yi, tunda mutuwa ba ta hutu. Namu kuwa hayayyafa suke yi. Dubi hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Ɗan shekara goma a ranar yau tsoho ne tukuf, amma ba ka rasa mai shekara sittin a majalisar unguwa da zai tura hula ƙeya, ya gyara zama a benci, ya ce, "Kamar ni da kai muke da ita, har hannu ta ɗaga min." Kowa dab da Sardauna ya tsaya. Haka ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, da aka harbe Janar Murtala cikin cunkoson motoci a Ikoyi. Yawancin jama'a a rediyo suka ji muryar Dimka yana sanar da juyin mulki, amma da za a jera motocin masu cewa su ne ke biye da tasa, layin sai ya kai Kano.

Wani zai ce ai gani ya kori ji, kuma tarihinmu a bakin dattawa yake. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata a tace. Shaida na ainihi ana gane shi da ƙanƙantar abin da ya gani: ƙura, rana, bulalar ɗan doka da ƙeyar wani dogo da ya tare masa komai. Wani kuma zai ce ɗan gishiri ne kawai, ba ya cutar da kowa. To, mai gishirin nan duk ba da labari sai ya matsa gaba taku ɗaya. Bara a bakin fili yake, bana a cikin rumfa, baɗi shi ne zai riƙe wa Sarauniya laima. Wanda ya je da gaske kuwa sai ya yi gum, domin labarinsa ba ya sa a sake zuba shayi.

Masu cewa wayar hannu ta kashe wannan sana'a su leƙa Ƙofar Kudu ta fadar Kano ranar Hawan Daushe. Saurayi zai ɗaga waya sama da kawunan mutane, ya ɗauko rawunan dogarai da wutsiyar doki. Da dare sai ya kwafo hoton wani daga Facebook, ya rubuta "Alhamdulillah, yau ga ni ga Sarki." Kakansa sai da ya jira shaidu suka mutu kafin ya matsa gaba, shi kuwa kafin sallar isha ya isa.

Saboda haka, mai karatu, duk ranar da ka ci karo da wanda ya ce ya je amma bai ga komai ba, ka ba shi tabarma ka saurara. Shi ne ya halarta.