Sojojin Ingila a Hannun Mai Fentin Jirgi

Duk wanda ya san bakin ruwan Warra ya san aikina, ko da bai san fuskata ba. Jiragen katakon da ke jigilar kifi da fasinja zuwa Yawuri da Malale, da yawansu ni na shafe, ni na rubuta musu suna. To ɗan yayata ya dawo hutu daga karatu a Ingila da wani kwali, yana cewa sai ya sami natsuwa zai yi wa abin ciki fenti. Fenti, a gidan da nake kwana!

Sojojin roba ne, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Sunan wasan Warhammer 40,000, kamfanin Games Workshop da ke Nottingham ne ke yin sa, tun 1987 ya fito. Wai yaƙi ne tsakanin taurari a can gaban zamani. Ƙarti masu gemu ne ke jera su a tebur, su auna tazara da tef, su jefa dayis irin na ludo. Kuma ba a haɗe ake sayar da su ba: kai daban, hannu daban, bindiga daban. Ka biya kuɗinka, sannan ka yi wa kamfani sauran aikinsa.

Da zai tafi Yelwa gaishe-gaishe ya ce, "Kawu, don girman Allah kada kowa ya taɓa." Na ce ya tafi abinsa. Ni ai ba kowa ba ne.

Ya taɓa gaya mini gwanaye kan sauya wa soja hannu ko makami don ya fita daban. Na duba, runduna guda babu mai ƙugiya. Na cire wa ɗaya bindiga na ba shi ƙugiyar kama tarwaɗa, wani na sassaƙa masa filafili da tsinken ashana, wani na rataya masa dalmar taru. Sufa-gulu kuwa ta ƙi kama wuyan kwamanda, ta kama babban yatsana. Da kan kwamandan na shiga sahun la'asar, maƙwabcina yana ta satar kallon hannuna a tahiya.

Sai fenti. Nasu na ruwa ne, a tsinka shi, a shafa sama-sama, a bari ya bushe, a sake. Wannan aikin marasa sana'a ne. Na buɗe gwangwanin shuɗin fentin mai da ya rage daga wani jirgi, na ɗauko ƙaramin burushina na rubutu. Shafa ɗaya, ido ya tafi, mikiyar ƙirji ta tafi, soja ya koma kamar curin fura. Ban damu ba, mai fenti ya san magani. Na tsoma su a fetur na je shan shayi.

Ashe robar Turawa ba ta ga maciji da fetur. Na dawo na tarar fuskoki sun zazzago kan ƙirji, bindigogi sun lanƙwashe, ƙugiya kaɗai ke tsaye da mutuncinta. Na jera su a bayan ɗaki su sha iska, na ajiye dayis a gefe.

Nan Inna ta gan su. Salatinta har gidan liman. Kafin magariba rabin unguwa na cewa zan binne wa abokin sana'a sammu, rabi na cewa caca na buɗe. Liman ya kira ni zaure.

"Allah gafarta Malam, wasa ne. Yaƙin ma sai nan da shekara kusan 38,000 za a yi shi."

Ya yi shiru, ya ja carbi. "Kai wa ya sanar da kai gaibu?"

Da yaron ya dawo ya daɗe a tsugune bai ce uffan ba, sannan ya faɗi kuɗin kwalin. Ya fi abin da nake karɓa a jirgi sukutum. Ya ɗauki hoton mai ƙugiya ya tura wa abokan wasansa don su taya shi jaje. Ashe a wasan akwai wata runduna, Death Guard, ta sojojin da annoba ta ruɓar. Sai ga amsa, suna tambayar wane gwani ne ya narkar da fuska haka, kuma da me.

Na ce ya gaya musu sirrin sana'a ne.

Har gobe laifin kamfanin nake gani, don duk abin da ba ya jure fetur bai isa shiga yaƙi ba. Mai jirgi ya same ni bakin ruwa kamar kullum. Mai sojoji kuma farashinsa daban, kuma ya zo da wurin shanya, don Inna ta ce ba a gidanta ba.