Masu Shirin Hutun Sallah, Kowa da Kalarsa

Da zarar azumi ya haura ashirin, gaisuwa takan canza a ofisoshin Abuja. "Ya ibada?" sai ta koma "Yaushe za ka gida?" Na daɗe ina amsa wannan tambaya, kuma na daɗe ina ƙare wa masu amsa ta kallo, a ofis da tashoshin Jabi da Zuba.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai lissafi. Tun Sha'aban ya buɗe littafi. Ya rubuta ranar tashi, da ƙarfe nawa za a wuce Tafa, da masallacin da za a tsaya azahar a Zariya. Takardarsa ta neman hutu ta isa teburin oga kafin malamai su buɗe tafsiri. Abu ɗaya ne ya gagari littafin nan: wata. Ko azumi ashirin da tara ne ko talatin, sai abin da fadar Sarkin Musulmi ta sanar. A 2024 gwamnati ta ba da hutun Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu. Daren Litinin aka duba sama, babu komai, aka cika talatin, gwamnati ta ƙara Alhamis. Ƙasa duka na murna, bawan Allahn nan ya yi jugum, domin littafinsa ya ce Laraba da yamma zai juyo. Kuma ya juyo. Ko hawan Daushe bai gani ba, ya zo ya iske ofis a kulle, maigadi na yi masa barka da Sallah.

Kishiyarsa shi ne ɗan "Allah ya kai mu". Ka tambaye shi yaushe zai tafi, amsar ke nan. Allah kuwa yakan kai shi, amma tasha, ranar jajibiri bayan la'asar, lokacin da kuɗin mota ya tashi. Nan take sai ya zama mai wa'azi.

"Haba malam, ku ji tsoron Allah! Watan azumi ne fa!"

Ɗan kamasho, ko ɗago kai bai yi ba: "Alhaji, kowa arewa ya nufa. Motar nan wayam za ta dawo daga Kano. Kai za ka zuba man dawowa?"

Gaskiya ɗan kamashon ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. Alhaji yakan yi zuciya ya fita daga tasha, ya tsaya bakin titi rabin awa, ya dawo ya tarar an ƙara wani abu a kai. Ƙarshenta gaba yake samu, su biyu a kujera ɗaya, duk sanda direba zai canza giya sai ya ce, "Alhaji, ɗan ɗaga ƙafa."

Akwai ɗan jirgin ƙasa. Tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016 yake yi wa masu shiga mota kallon mutanen da. Ranar sayen tikiti yakan riƙe waya kamar mai jiran sakamakon asibiti, ya latsa, ya sake latsawa, a ce kujeru sun ƙare. In ya dace, ya hau a Idu ko Kubwa cikin sanyin na'ura yana tura wa dangi hoto. Sai ya sauka Rigasa yake tuna cewa shi ɗan Katsina ne, kuma nan ne iyakar dogon. Da yamma za ka gan shi a tashar Kawo yana kokawar kujera da mutanen da.

Hajiya mai tsaraba kuwa, maganarta ɗaya ce: "Ba yawa, ɗan nan, 'yan kayan yara ne." 'Yan kayan yaran su ne gana-mas-go huɗu, kula biyu, jarkar man gyaɗa da buhun shinkafa. Shinkafar ma daga Kano aka kawo ta Abuja, ita kuma ta ɗauko za ta mayar da ita garinsu ta yi Sallah. Kujera ɗaya ta biya, but ɗin mota duka nata ne, sauran fasinjoji kowa da ledarta a cinya. Ba na iya jin haushinta, domin ana shan ruwa ita ce mai fito da dabino da cincin ta bi kowa da su.

Mai jiran tela ba ya buƙatar dogon bayani. Ba shi da ranar tafiya, tela ke da ita.

Sai mai gidan da ya waye. Bana, in ji shi, ba za a je ƙauye ba. Yankari za a kai yara su ga giwa, su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Ya nuna wa uwargida hotuna, yara sun gaya wa duk 'yan ajinsu. Saura kwana uku sai waya ta shigo daga gida.

"Au, bana ba zan ga jikokina ba ke nan? To, babu komai. Allah ya kiyaye hanya."

"A'a Inna, wa ya faɗa miki? Muna nan tafe."

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan mutumin ya ƙara wata dabara. Yakan bi abokan aiki da murmushi yana tambayar ko akwai mai bin hanyarsu, ya rage masa hanya. Sai an tsaya gidan mai yake fara tari yana duban madubi.

Ni ina cikin 'yan sammako, masu zaton mu kaɗai muka san asuba. Bara na kwana da kaya a mota, ana sallame sallah na tayar, ina yi wa sauran duniya dariya. Ban kai Zuba ba na tarar da cunkoso, jan fitilu iya ganin ido. Na waiwaya dama, sai ga mai gidan Yankari da yaransa sun zumɓura baki. Na waiwaya hagu, sai ga wani abokin aikina da ya rantse mini jiya-jiya cewa bana a Abuja zai yi Sallah. Ya sauke gilashi, muka dubi juna.

"Yaya dai?" na ce.

"Wallahi Inna ce ta kira."