Rabe-raben Masu Jinyar Zanen Gini Idan Ya Lalace

Kafin a aza harsashin aji ko ɗakin shan magani a Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji, ko a Agye da Gazawa, akan fara zana ginin a kwamfuta a wani ofishi a Maraɗi ko Yamai. Manhajar AutoCAD, wadda ta fito a 1982, da layi aka fi saninta, amma ArchiCAD ta ƙasar Hangari da Revit, wadda kamfanin Autodesk ya saya a 2002, samfurin gini suke haɗawa, wato gini cikakke a cikin na'ura, inda kowane bango da kowace ƙofa ke da bayanan da suka ɗaure shi da maƙwabtansa. Idan bayanan ɓangare guda suka gurɓace, fayil yakan ƙi buɗuwa ko ya ƙi ajiyuwa, kuma a ranar ne halin kowane ma'aikaci ke fitowa fili.

Na farkon buɗe baki shi ne mai ɗora wa wuta laifi, kuma ba a rasa hujja a bakinsa, domin lantarkin yankin daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, an ma yanke shi daga Nijeriya a watan Agusta na 2023, sannan gaskiya ne wuta in ta ɗauke ana tsakiyar ajiya fayil yakan rubutu rabi. Abin da ke rage wa maganarsa nauyi shi ne yana faɗin "Maigida, wuta ce" ko da kwamfutar ta hannu ce, batirinta kuma cike.

Wanda ya fi shi ɓarna shi ne mai kore gargaɗi, mutum natsattse wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Duk sa'ad da Revit ta sanar da shi cewa bango biyu sun hau juna, ko ginshiƙai biyu sun zauna wuri ɗaya, sai ya rufe sanarwar kamar mai korar ƙuda, har gargaɗin ya taru ɗaruruwa, samfurin ya yi nauyi. Illar ba ta tsaya a allo ba, tunda jadawalin kayan aiki yana ƙirga abin da aka ninka sau biyu, sai lissafin siminti ya kumbura, ɗan kwangila kuwa bai cika kawo ƙara a kan irin wannan kuskure ba.

Akwai kuma mai tsince-tsince, wanda ba ya ganin kujera ko mota ko bishiyar dabino da wani ya riga ya zana a intanet ko a filas ɗin abokinsa face ya cusa ta a aikinsa, shi ya sa akan tarar da kujerun alfarma a zanen ajin firamare. Sau da yawa cikin waɗannan kayan aro ne gurɓataccen ɓangaren ke ɓoye, shi kuwa zai rantse cewa jiya lafiya lau suka rabu da fayil ɗin. Kusa da shi akwai sarkin ajiya, mai fayil da ake kira "na ƙarshe", da "na ƙarshe sosai", da "na ƙarshe wallahi", wanda ya share kwafin da manhajar ke ajiyewa da kanta, irin masu ƙarewa da bak, don ya sami wurin zuba finafinai.

Mai gyaran gaskiya yawanci shi ne mafi ƙarancin magana da albashi. Yakan kwafi fayil ɗin tukuna, ya buɗe kwafin da umarnin Audit, wanda ke bin bayanan ɗaya bayan ɗaya yana gyara abin da zai gyaru, sannan ya zubar da kayan da ba a amfani da su. Idan cutar ta ƙi, sai ya share rabin ginin ya gwada, in matsalar tana nan ya sake raba abin da ya rage biyu, har ya isa ga taga ɗaya tilo da ta hana ofis barci. Rashin sa'arsa shi ne maigida yakan leƙo daidai lokacin da rabin makarantar ya ɓace daga allo, kuma bayanin da zai biyo baya ba ya shiga kunnen mutumin da aka ba wa'adin jibi.

Magini a Cadakori ba shi da labarin duk wannan, tunda takarda ake kai masa a naɗe. Yakan duba ta cikin ladabi, ya ɗauko igiya da ma'auni, kuma idan ya ga an sa ƙofa ta gabas, inda iskar hadari ke bugowa da damina, shi da shugaban makaranta sukan mayar da ita wani ɓangaren ba tare da sun sanar da Maraɗi ba.