Binciken Salsala a Tsakiyar Bazara

Bazara, wato lokacin da ke tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar damina, wanda a Kano yake kamawa daga Maris zuwa Mayu, ba ta dace da aikin ilimi ba, domin zafi yakan haura digiri 40, ga ƙurajen zafi, ga fargabar sanƙarau, ga kuma mangwaro da ke yin araha har ya kai mai zari ga gudawa. Wani mai bincike ya haɗa ƙurajen da gudawar, kuma a kwanciyar jinyar da ya yi a zaure da mafici a hannu ne ya karance Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, inda ya ci karo da labarin Wangarawa, malaman da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji. Tun kafin cikinsa ya lafa ya yanke hukunci cewa daga cikinsu zuri'arsa ta fito, bisa hujjar cewa son karatu irin nasa ba a samunsa a banza.

Hanyar da aka saba bi wajen gano salsala, wato jerin sunayen kakanni daga ɗa zuwa uba, ita ce hira da tsofaffi, waɗanda ba sa ƙirga shekara da lamba sai da abin da ya faru a cikinta. Gwaggonsa, bayan ta karɓi goro da sukari, ta tabbatar masa cewa an haifi kakan ubansa a shekarar da Turawa suka ci Kano, wato 1903. Da aka koma mata da wani goron, sai ta ce ai shekarar da jirgin ƙasa ya iso ce, wato 1911, a zama na gaba kuma ta ɗora haihuwar a kan yunwar Kakalaba ta 1914, lamarin da ya nuna cewa marigayin ya shafe shekara 11 ana haihuwarsa. Game da asali kuwa, ita ta ce Gabas, kawu ya ce Barno, babu wanda ya taɓa jin Mali.

Saboda haka hankali ya koma kan rubutacciyar shaida, wadda aka samo a wata tsohuwar gafaka, wato jakar fata ta adana littattafai. Takarda ce guda da gara ta ci gefenta, an rubuta ta da ajami, sunan kakan a sama, wasu sunaye a jere a ƙarƙashinsa. Mai binciken, wanda bokonsa ya fi ajaminsa ƙarfi, ya kai ta wurin wani malami maƙwabcinsa, yana tafe yana ƙirga kakanni.

Malamin ya karanta a tsanake, sannan ya bayyana cewa sunayen na shaidu ne, takardar kuwa ta bashi ce, domin kakan ya karɓi ƙwarya ashirin ta goro, kowace ƙwarya goro ɗari, daga hannun wani bafatake mai safara zuwa Gwanja, kuma babu inda aka nuna ya biya. Bafataken, kamar yadda malamin ya ƙara da cewa yana mai sanya takardar a aljihu, kakan shi malamin ne, kuma mutuwa ba ta kashe bashi. Tuni ya aika yaro kasuwar Mariri ya jiyo farashin goro na bana, an kuma dakatar da binciken har sai ɓangarorin biyu sun daidaita a kan adadin da gara ta cinye rabinsa.